Injin Baba Ya Tashi da Ƙafar Inna

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Karaye sai godiya.

Albishirinka! Ƙaramin injin feƙe ƙarfe na marigayi Baba, wanda ka ce a sayar wa 'yan gwangwan, ya tashi.

Tsutsa ce ta faɗa wa masarar gonarmu ta Zoza, ga bakin famfon feshi ya tsage, na zaga kasuwar Rogo ban samu irinsa ba. Sai na ciro injin, na kankare tsatsa, na sa masa mai. Motarsa ta lantarki ta daɗe da ƙonewa, don haka na ɗaura bel ɗinsa a ƙafar keken ɗinkin Inna. Na sa guntuwar tagulla a injin don in feƙe sabon bakin famfon. Da na taka, tagullar sai tsalle take yi, takuna ya ƙi daidaita. Inna tana kallo ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, kai ko ɗankwali ba ka taɓa ɗinkawa ba."

Ta zauna tana takawa, ba sauri ba tsayawa, ni kuma ina feƙewa. Sabon baki ya fito sumul, na goge shi har yana ƙyalli. Feshinsa kamar yayyafi, yanzu masara ta farfaɗo.

Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Duk zamanmu, Malam bai taɓa bari na yi ko shara kusa da injin nan ba."

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Maganar 'yan gwangwan kuwa, Inna ta ce ka kira ta ka maimaita mata da bakinka.

Ƙaninka,
Habibu