Ganyen Mangwaron da Ka Zaɓo Mini

Zuwa ga Yaya Haliru, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya, wanda in na ji ƙarar babur ɗinsa ya karyo kwanar layinmu a Damba sai zuciyata ta riga ƙafata isa zaure.

Amincin Allah ya lulluɓe ka a duk inda wannan takarda ta same ka. Ina gaida Inna da Lami ƙanwarka.

Masoyina, ina rubuto maka ne hannuna na warin ruɓaɓɓen ganye. Na wanke da sabulu, na cuɗa da toka, har turaren mahaifiyata na shafa, amma warin ya ƙi barina. Ganyen nan naka ne. Don haushi na ƙulle su a leda na cilla bayan ɗaki, yau da na buɗe sai ga su sun yi baƙi, sun yi yauƙi, ƙananan ƙudaje na tashi daga ciki. Wallahi ban taɓa zaton abin da ya fito daga hannunka zai ba ni ƙyanƙyami haka ba!

Ka tuna yammacin da muka zauna a dakalin ƙofar gidanmu, hadari na haɗuwa ta gabas, ina yi maka bayanin aikin da aka ba mu a darasin ƙididdiga? Malam yana so mu gano ko ganyen mangwaron bakin gulbi a Bungudu ya fi na gindin duwatsun Tsafe tsawo. A auna kowane ganye da rula, a haɗa, a raba, a fitar da matsakaici, sannan a duba yadda tsayin ya warwatsu tsakanin manya da ƙanana. Baba ya ce ƙafata ba za ta taka hanyar Tsafe ba, kowa kuma ya san dalili, malam ya yarda a aiki wani. Kai da kake bin kasuwannin nan sayen hatsi ka ce in bar maka. Na ce ka rufe ido ka tsinko duk wanda hannunka ya taɓa. Na maimaita, na sake maimaitawa. Ka yi ta gyaɗa kai kana murmushi. Ashe bakina kake kallo, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenka ba.

Me ka kawo mini, ya hasken raina? Ganye zara-zara, kore shar, an wanke, an goge, an jera a kwali cikin sabon ƙyalle sai ka ce kayan lefe. Babu mai huda, babu mai tabo, babu gajere. Ni kuwa da so ya rufe mini ido, na ɗauka haka Allah Ya yi mangwaron garuruwan nan, na zauna na auna ina jin daɗi. Sai daga baya Lami ta ba ni labari cewa wuni ka yi a kan bishiya kana zaɓe kana zubarwa, wai ba za ka kai wa Bara'atu ganyen da tsutsa ta ci ba. Kai, Yaya Haliru! Wa ya aike ka?

Ranar da muka miƙa aiki, malam ya rubuta lambobina a allo gaban aji. Na Tsafe da na Bungudu kusan kansu ɗaya, kuma ba wanda ya yi nisa da ɗan'uwansa. Ya ce a duk ƙasar Allah babu bishiyar da ke fitar da ganye kamar tela ne ya yanka su. Ya ce a ɗaki na zauna na ƙirƙiro. Ni! Ni da na wuni durƙushe da rula har bayana ya ƙage! Aji ya kwashe da dariya, wani ma har da buga tebur. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mansura, wadda da idona na ga tana zana nata lambobin a cikin keke napep kan hanyar makaranta, ta jefa babba nan ƙarami can, ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba. Ita aka yaba. Ta juyo tana yi mini kallon tausayi. Tir da wannan kallo, tir da wannan yabo!

Ka san abin da ke gabanmu? Malam ya ba ni zuwa ƙarshen mako mai zuwa in sake. In ban kawo ba, sai baɗi in maimaita darasin. Kai ma kana wurin Baba ya faɗa wa kawunka cewa ba za a ɗaura aure ba sai na gama karatu. Kyawawan ganyenka shekara guda suke neman ci mana. Shekara guda ina hango ka daga zaure, ina shiga gida da sallamarka a kunne! Wace zuciya ce za ta iya?

Ta yaya zan yi fushi da kai, alhali laifinka bai wuce ka ƙi kawo mini mummunan abu ba? Na gwada, fushin ya ƙi zama. Amma ina roƙonka, muradin raina, wannan karon ka ajiye kara a gida. Ka rufe ido da gaske. Kawo mini mai rami, kawo wanda ya yi rawaya, kawo ƙanƙanin da ya nannaɗe, kawo wanda tsuntsu ya yi wa kashi. Kada ka tsaya bishiya ɗaya, ka zaga, ka tsinko na sama da na ƙasa, na cikin rana da na inuwa. Na Tsafe jakarsa daban, na Bungudu daban, kuma don Allah kada ka wanke. In ka ji kunyar miƙo mini, ba Lami ta kawo.

Nan na so in tsaya, sai na tuna jiya na ji mata a gidan maƙwabta suna maganar hanyar Tsafe, an ce an sake tare motoci. Tun daga lokacin na kasa cin abinci. Na dubi kaina, ni Bara'atu, zaune da biro ina tura ka cikin dajin nan saboda ganyen da akuya ma sai ta ga dama take ci. Wannan ya fi ledar can ba ni ƙyama. Don haka ka saurare ni yanzu, ka bar kallon bakina. Ka tambayi direbobin tasha kafin ka tashi. In sun ce hanya babu kyau, kada ka je, ko da malam zai rubuta sunana a allo kullum, ko da Mansura za ta yi dariya har haƙoranta su zube. Darasi ana sake shi baɗi, zan zauna in sake, zan jira. Kai in na rasa ka ba ni da inda zan je a sake mini.

Taka a bana, taka a baɗi, taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Bara'atu
Damba, Gusau