Aikin da Inji Ya Wanke

Daga ofishin Babban Darakta, zuwa ga ma'aikacinmu mai fushi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da wayarka da ta daina ɗaukar kira.

Ƙorafinka ya iso teburina. Ka ce abokin aikinka Dogo ya goge maka aiki da gangan saboda hassada, har ka nemi a kore shi. To, na bincika, kuma raina ya ɓaci.

Harshen kwamfutar da kuke rubuta manhaja da shi yana da nawa wajen aiki, shi ya sa kuke ƙera masa ƙananan sassa da wani harshe mai sauri, ku haɗa. Rubutun haɗin kuwa ba da hannu ake yi ba. Ɗan bayani ake rubutawa a fayil guda, a ba injin rubutu na cikin kwamfuta, shi ya zubo sauran. Duk sanda aka tayar da shi sai ya wanke na jiya tas, kamar allo, ya zubo sabo.

Kai kuma gwani, da ka ga kuskure ba ka gyara bayanin ba. Cikin abin da inji ya zubo ka kutsa, ka yi ta gyara da hannu, alhali a saman kowane fayil an rubuta kada a taɓa. Dogo ya zo da safe ya tayar da inji kamar kullum. Ina laifinsa?

Haba! Mutumin da ya koya maka aikin nan? Jiya ya zo gida, ya zauna a bakin ƙofa ya zayyana mini komai, idonsa jawur. Ranar Litinin za a sallame shi, ga matarsa da tsohon ciki. Mama ta kawo masa abinci, ko murfin bai ɗaga ba. Bai ce a roƙe ka ba. Cewa ya yi kada ma a gaya maka ya zo.

Ina umartar ka ka janye ƙorafin nan kafin Litinin, ka je ka ba shi haƙuri da ƙafarka.

Na san tun daga zancen Mama ka gano ni. Eh, Yaya, babu wani Darakta, ni ne. Saƙona ba ka buɗewa, amma manya ko tari suka yi sai ka miƙe tsaye. In ka dawo ka murɗe mini kunne, na yarda. Amma ka fara biyawa ta gidan Dogo.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Auta