Yaya, A Daina Yi Wa Baba Jarrabawa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta na kullum a kan wanda ya bar famfo a buɗe, ka ga kuwa lafiya ta samu.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce za ka daina kiran Baba ranar Asabar, tunda ba ya gane ka, kuma kiran ba ya ƙara muku komai sai ɓacin rai. Na karanta na yi kuka, daga baya kuma haushinka ya kama ni. Shi ya sa na ɗauki biro, don na san in ta waya ce ba za ka bar ni in kai aya ba. Yaya, ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ranar Talata na kai Baba asibiti wajen wata likita mai kula da masu matsalar magana. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya da kujeru uku, sai kwali cike da hotuna da cokula da kofuna. Ta ce in yi hira da shi yadda muka saba a gida, ita tana kallo. Ni kuwa da rawar kai na shiga tambayarsa ko ya san inda muke, yau wace rana ce, ni wace ce. Da ya kira kofi abin ruwa, na yi caraf na gyara masa. Ba a yi minti biyar ba ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya yi gum. Likitar ta tambaye ni aikin da yake yi a da, na ce shekara talatin da huɗu yana shugaban makaranta. Ta yi murmushi ta ce lallai na yi gado, don tun da muka shigo jarrabawa nake yi masa.

Kunya kamar in nutse. Ka dai tuna yadda ya rene mu, ba a miƙa maka kwanon abinci sai ka faɗi bakwai sau takwas, kuma dokarsa ita ce wanda bai san amsa ba ya yi shiru, ban da kame-kame. Mu duka mun kwaso halin nan, a gidanmu tambaya ita ce kulawa. To shi ma duk abin da ciwon mantuwa ya kwashe masa, bai kwashe wannan dokar ba. Kai kuma da ka kira, ko gaisuwa ba ka gama ba sai ka ce ya canki wanda ke magana. Muryarka ya san ta sarai, ina ganin yadda fuskarsa ke washewa. Sunan ne ke ƙin zuwa, shi kuma ba zai yi kame-kame a gaban ɗansa ba.

Likitar ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce ciwon ba ya warkewa, kalmomi za su ci gaba da zubewa, amma akwai sauran hira a bakinsa in mun iya zama da shi. Ta ce a kashe rediyo, a zauna daidai fuskarsa, mutum ya fara faɗin ko shi wane ne. Magana ɗaya gajera, sai a jira, ko da shirun ya yi tsawo. In ya ce abin ruwa, a miƙa masa a ce ga kofin, a wuce wurin. Ranar Alhamis na gwada. Na ɗauko hoton tsohuwar makarantarsa na ce bishiyar bakin ƙofar nan ta yi kyau, na ja bakina na tsuke. Can sai ya ce shi ya dasa ta, da hannunsa, kuma awaki sun cinye ta sau biyu. Rabon da in ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa tun bara. Mama ce dai har yanzu take ƙarasa masa zance, sai na riƙa matsa mata hannu tana hararata.

Ga abin da nake so da kai. Asabar ta farko bayan takardar nan ta same ka, ka kira da ƙarfe goma na safe agogonmu na nan gida, don da yamma kansa ya fi rikicewa. Ka faɗi sunanka, ka ce kai ne ɗansa na fari, ka ba shi labarin yara da wurin aikinka, kada ka tambaye shi komai. In ya yi shiru kada ka katse. In kuma ka ƙi kira, ni zan kira ka in jingina wayar a gabansa, sai dai ka kashe yana kallo.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi mai sukari. Auta da matarsa suna miƙa gaisuwa, haka Kawu Direba. Ka gaishe min da Anti, ka shafa min kan 'yan biyu da takwarata.

Za ka ga wata 'yar takarda a ninke cikin ambulan ɗin nan. Jiya na tsince ta a aljihun rigar Baba zan yi wanki. A sama ya rubuta Asabar, ƙasa kuma sunanka ne, layi bayan layi har sau goma sha ɗaya. Na farkon da kyakkyawan rubutun nan nasa, na tsakiya haruffa sun fara ɓacewa, na ƙarshen harafi ɗaya ne kawai. Mama ta ce duk Asabar tun da safe yake zama da ita a hannu, bakinsa yana motsi, yana jiran wayarka.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai taurin kai