Tallafin Tafiyar Attahiru Zuwa Kurmi Don Binciken Kwaɗi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tallafa wa Ɗalibai na ƙungiyar cigaban yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomin albasa ne a Jiga Birni, uban Attahiru da ke shekarar ƙarshe a jami'a. Na rubuto a fili ne don kaina ya ɗaure.

Na ɗaya. Malamansa sun zaɓe shi ya bi su kurmin kudu, inda ruwan sama bai yankewa, su binciki abin da ke ƙarar da kwaɗin can. Da ya gaya mini, dariya na yi, na ce ga kwaɗi nan cike da fadamarmu. Sai ya tambaye ni ko har yanzu ina jin kukansu kamar da. Sai na tuna, tun da munka fara feshin magani kukan ya ragu. Daga nan na yarda.

Na biyu. Dangi da maƙwabta sun yi karo-karon kuɗin tafiyar, har ƙanwata da ke aure a Fagada ta saida akuyarta. A taron bayan Sallah kai da bakinka ka ce a kawo abin da anka tara, ƙungiya ta cika sauran ta miƙa masa gaba ɗaya. Na kai wa ma'aji da hannuna.

Na uku. Da na koma, ma'aji ya ce sai sakatare ya sa hannu. Sakatare ya ce tallafin na masu karatun likita da noma ne, bai san inda zai sa kwaɗo ba. Wani ɗan kwamiti da na iske a kasuwar Jega ya ce asusun yana Sakkwato, tun da anka ba mu jiha ba a gama raba shi ba. To, kuɗinmu da na kawo bana, ta yaya sunka koma Sakkwato? Ban zargi kowa ba, amma ban gane ba.

Na huɗu. Abokansa sun tafi. Attahiru yana gida yana taya ni ɗaukar taki, ya daina maganar jami'a. Malaminsa ya aiko cewa in damina ta wuce, sai ya maimaita shekara. A bakin masallaci kuma an fara kirana Sarkin Kwaɗi, ƙanwata ko ba ta tambaye ni komai ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Roƙona, ranka ya daɗe, in ƙungiya za ta cika alkawari, a yi kafin ruwa ya ɗauke. In ba za ta iya ba, a maido mana abin da munka tara kawai. Na riga na yi magana da dillali kan bijimin da nake huɗa da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da mutane lafiya.

Wassalam.
Uban Attahiru, Jiga Birni.