Jar Hula da Shafi na Uku

Talata. Aikin farko: wanke jar hula, a shanya ta a kan hitar ɗumama ɗaki.

Ya ke Fausia, hasken idona, sanyin ƙirjina, ranar da ke leƙowa bayan an yi sati ana ruwa a garin nan, ƙamshin ƙasa a ruwan farko na damina, kurciyar da ta sauka a tagar hawa na tara ba tare da ta tambayi wane ne a ciki ba! Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Sau uku na goge wannan gaisuwa ina sakewa. Ina tsoron kwatancen kurciyar bai dace ba, domin tantabarun unguwarmu ta Thamesmead ba su da kunya, ke kuwa kunya ce adonki. Na bar shi a haka. Tun ranar Lahadi hankalina ba ya jikina. Jiya a kan hanya sai da na wuce tasha guda ban tsaya ba, fasinjoji suna ta danna ƙararrawa, ni da na shekara goma sha ɗaya ina tuƙin bas ba a taɓa kai ƙarata ba.

Tun daga Lahadi na kira ki sau tara, ba ki ɗauka ba. Saƙo ɗaya kika aiko, jiya da safe, kalmomi biyar: "Ina kake zuwa ranar Laraba?" Na san kin riga kin sani. Na kuma san daga bakina kike son ji. To, ga amsar, masoyiyata, ba ragi.

Ba overtime nake yi a wurin aiki ba, kamar yadda nake gaya miki. Ban taɓa yin overtime ranar Laraba ba. Kallon ƙwallo nake zuwa.

A bayan ginin da nake akwai filin kwalejin unguwarmu, ana hango shi daga tagar kicin ɗina. Shekara uku da suka wuce, tun ban san akwai ki a duniya ba, nakan dawo daga aikin safe in zauna a flat ɗin nan in yi kwana huɗu ba wanda ya kira sunana. Wata Laraba na ji usur, na leƙa, na ga samari cikin shuɗiyar riga suna gudu a taɓo. Na kalla daga sama. Laraba ta gaba na sauko na tsaya a bayan shinge. Ta gaba kuma na zo da littafi. Kin san halina, abin da ban rubuta ba gani nake kamar bai faru ba. Yanzu littattafan uku ne. Ba ni da ɗa a cikin yaran, ba ƙane, ba wanda ya san sunana. Amma idan aka ci su, tuwo ba ya wuce mini.

Ta yaya zan dubi mace irinki, mai nutsuwa kamar ruwan rijiya da asuba, in ce mata ni mai shekara arba'in da uku ina hawaye a kan yaran da ba su san da ni ba? Kunya ta sa na ce overtime sau ɗaya. Daga nan ƙaryar ta riƙa maimaita kanta kowane sati.

Kuma bana, Fausia, bana! Wasa goma sha biyu a jere ana cinmu. An zuba mana ƙwallo arba'in da ɗaya, mun rama biyar, ɗaya ma ɗan bayansu ne ya ci gida da kansa. Iyayen da ke zuwa da, mu kusan talatin, sun watse sun bar mu mu shida da wani kare. Shi kuwa Koci, dogon dattijon nan mai baƙar rigar ruwa, yana tsaye hannu a aljihu kamar mai jiran bas, ana cinmu yana gyaɗa kai. Yaro ya gaji harshe a waje, ba zai canza shi ba sai saura minti biyar. Na fara da gunaguni. Na koma ɗaga murya. Ban san ranar da na zama mai ihu ba.

Ni da na san lambar rigar kowane yaro, na san wanda ƙafarsa ta hagu ba ta aiki, ban taɓa tambayar sunan mutumin nan ba. Koci yara ke ce masa, Koci na rubuta. Turanci kawai na taɓa ji a bakinsa.

Larabar da ta wuce aka ci mu shida da nema. A ta shidan wani abu ya tsinke a kaina. Na riƙe shinge da hannu biyu na kwarara ihu da Hausa, ina ganin ba mai ji sai Allah: "Kai, Koci! Ko awaki uku aka ba ka kiwo, biyu za su ɓata, ta ukun ta kai kanta gida! Wa ya ba ka aikin nan? Je ka sayar da gyaɗa!" Bai ko juyo ba. Da aka tashi na bi shi har bakin ƙofa na miƙa masa shafi huɗu da na shirya tun Litinin, kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, da kwanan wata. A ƙasa na sa cikakken sunana da lambar wayata, don ba na son a ce na yi abu a ɓoye. Ya dubi sunan, ya daɗe yana duba. Ya dube ni. Ya ninke takardun ya sa a aljihu. Na dawo gida ina jin kaina jarumi.

Kin tuna ranar nan a Deptford, cikin Nuwamba, da kika rufe shagon atamfa da wuri muka zauna a bakin kogi? Ruwa ya janye, tsuntsaye suna tattaki a laka, rana ta faɗo a gefen fuskarki kamar zuma a cokali. Kika buɗe wake da shinkafa da yajin shito da ya sa ni tari, kina dariya kina cewa Bakano ba ya jure yaji. Wayyo wannan dariya! Sai kika ce Baba ƙarami yana fama da wani mutum a wurin aiki, mai zuwa kowane sati yana yi masa ihu a gaban yara, har hawan jininsa ya tashi. Kin tuna abin da na ce? Ni na tuna, domin na rubuta. Na ce, "Wannan ba shi da tarbiyya. Da ni ne Baba, 'yan sanda zan kira masa." Na faɗi haka da jar hular da kika saƙa mini a kaina, hular da nake sawa in je in yi ihun!

Ina hankalina ya tafi? Kin ce Baba ƙarami yana aiki a makaranta, yana kula da yara. Na zana shi a raina da tabarau da alli. Ke ba kya kama sunansa, don shi ne a matsayin mahaifinki tun da Allah ya karɓi Baba babba a Kumasi. Ni kuma ban tambaya ba, don ba a yi mini tarbiyyar bin diddigin suruki ba. Shekara guda duk Lahadi ina raka ki unguwarku ta Catford ina tsayawa a tashar bas ta kan kwana, ko layin gidan ban taɓa shiga ba, kar mu yi ido huɗu da shi in rasa inda zan sa fuskata. Ranar da kika so nuna mini hoton Sallah a wayarki, kau da kai na yi. Duk wannan kunya na yi wa mutumin, ranar Lahadi. Ranar Laraba kuma in je in tura shi tallan gyaɗa.

Lahadin nan na sa farar shadda, na ɗauki Malam Baha'uddeen, limamin masallacinmu, da abokinsa, da goro da alawa, na kai su ƙofar gidanku su nema mini aurenki. Na zauna a mota nesa kaɗan kamar yadda ya dace. Minti arba'in da bakwai. Ina ta tunanin labulen da za mu sa a falo. Ƙofa ta buɗe, Malam ya fito, abokinsa ya fito, sai wani dogon dattijo cikin babbar riga ya biyo su rakiya.

Fausia, na san tafiyar kafin in gane fuskar. Hannu a aljihu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na nemi in nutse ƙarƙashin sitiyari, ba wuri. Ya tako a hankali har gefen motar, ya ƙwanƙwasa gilashi da yatsa ɗaya. Na sauke. Ya ce da Hausarku ta Zongon Kumasi, "Sannu, mai littafi. Yau ba ka sa jar hular ba?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Awaki uku, ko? Na ji duka. Ni Gariba, Hausa na sha a nono." Ya zaro shafi huɗun nan daga aljihun babbar riga, ya nuna mini, ya mayar. Sannan ya ce, "Goro yana nan. Ban buɗe ba, ban mayar ba. Laraba ka zo. Ba bayan shinge ba, kusa da ni. Abin da ka rubuta ka faɗa mini a kunne kamar mutum. Bayan wasa zan ba Malam amsa."

Na hango labulen sama ya motsa. Ke ce?

A hanya Malam ya ce, "Zailani, dama ka san shi?" Na ce, "Malam, na san shi fiye da yadda ya kamata." Da na ba su labari, Malam ya yi salati, sai kuma dariya ta ƙwace masa har sai da na tsaya a gefen titi ya sha ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce in je in durƙusa, in ce sharrin Shaiɗan ne, in karɓi takardun in yayyaga a gaban Baba, magana ta ƙare.

A nan ne na maƙale, abar ƙaunata, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Awakin, na janye su. Gyaɗar, na janye ta, Allah ya yafe mini. Shafi na ɗaya da na biyu fushi ne kawai. Na huɗu ma, da na sake karantawa, na ga ban yi adalci ba: ban san ko yaran suna zuwa atisaye ba, ban san ko yana da wanda zai canza da shi ba, ban taɓa tambaya ba. Wataƙila duk shekara ukun nan ban fahimci komai ba. Amma shafi na uku, Fausia! Na ƙirga sau biyar. Cikin ƙwallo arba'in da ɗaya, goma sha tara daga bugun kwana suka shiga. Golanmu yana manne da layi kamar an ɗinke shi, yaron da ya fi kowa tsawo an ajiye shi can gaba yana kallo, gajeru suna tsalle a banza. Wannan gaskiya ne. Idan na ce Shaiɗan ne ya rubuta shi, na yi ƙarya ta biyu don in gyara ta farko, kuma da ita zan shigo da ke gidana. Kwana biyu ina auna abin. Ba zan iya ba.

Saboda haka gobe zan je. Zan durƙusa in gaishe shi a gaban yaran da na kunyata shi a gabansu, ko da taɓo ya kai gwiwa. Zan nemi gafararsa da ƙarfi yadda na yi ihun da ƙarfi. Sannan idan aka samu bugun kwana, zan matsa kusa in faɗa masa a kunne. Yana iya mayar da goron. Na san haka. Tunanin kawai yana sa ƙirjina ya yi kamar kogin nan idan ruwa ya janye, ba komai sai laka da sanyi.

Amma ko ya buɗe goron, me zai amfane ni idan ke kin rufe zuciyarki? Shi na yi wa rashin kunya, ke na yi wa ƙarya, kuma na san wanne ya fi nauyi. Laraba hamsin da biyu kina ce mini "Allah ya ba da sa'a, kar ka gaji da yawa," kina ajiye mini abinci a shago. Da wane ido zan kalle ki?

Ga littattafan nan uku na haɗo da wasiƙar, zan ba maƙwabciyar shagonki ta miƙa miki yau da la'asar. Ba wanda ya taɓa buɗe su. Ki fara daga tsakiyar na biyu, ki dubi gefen shafi. Za ki ga, "An ci mu uku da nema. Na shiga sayen yadi, mai shagon ta ce launin bai dace da ni ba." Za ki ga, "Huɗu da ɗaya. Fausia ta yi dariya sau biyu." Za ki ga, "Biyar da nema, amma ta ba ni hula." Tun daga ranar da na san ki, babu shafin da ba kya ciki. Da ina ganin yaran nan ne ke riƙe da ni a garin nan. Sai da na juya littafin na ga tun bara ke ce.

Ya tauraruwar asubata, inuwata a tsakar rana, ki yi fushi iya son ranki, na cancanta. Amma kar ki yi shiru. Ba zan ƙara samun Larabar da ba ki san inda nake ba. Ko an buɗe goro ko an mayar, ni naki ne, yau da gobe, har ranar da za a rufe littafina na ƙarshe.

Naki da ba ya da wata sai ke,
Zailani

Gobe, Laraba:

Duba ko hular ta bushe.
Fita aiki ƙarfe biyar, kar a wuce tasha.
Goge takalmi, ko da yake taɓo zai ɓata.
Kiran Malam, a gaya masa ba zan yaga ba.
Duba waya. Kar a wuce sau goma.
Ɗaya da rabi, fili. Ta ƙofa, ba ta shinge ba.
Durƙuso. Gaisuwa. Neman gafara.
Shafi na uku, a hankali, a kunne.