Ƙarfen da Gwaggo Ta Ɗaura wa Inna

Yaya Iliya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da Ladi da yara.

Na yi laifi, kuma kai zan fara faɗa wa. Da ciwon Inna ya tsananta, Gwaggo Talatu ta tako daga Ruwan Bago, ta ɗaura mata ɗan ƙarfen 'yan Katolika mai hoton waliyyi. A cocinmu ba ma roƙon kowa sai Allah, amma tsoro ya hana ni kwance shi. Na yi wa Allah alkawari, in Inna ta tashi zan ba da shaida gaban jama'a, ba zan ɓoye komai ba.

Inna ta tashi. Gwaggo ta ce albarkacin waliyyin ne, na ce Allah ne kaɗai. Ta ce, "'Yar nan, wa ya musa? Ko wurin hakimi ai da mai iso ake shiga." Ina da amsa, amma na dubi ƙafafunta da tafiya ta kumbura, na je na ɗora mata ruwan zafi.

Ranar Lahadi na miƙe na gode wa Allah, ban ambaci ƙarfen ba. Ka gaishe da mutanen gida, ku sa ni a addu'a, domin alkawarin nan ban cika shi ba.

Ƙanwarka,
Saratu