Wayar da Na Zare daga Kwalbar Anti

Yaya,

Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata ta daina wasa da magani.

Ni dai karatu ya ɗau zafi. Kwas ɗin da ke gasa mana aya a hannu bana shi ne na koya wa na'urar asibiti tunani. Malam ya ce na'ura jaka ce, abin da ka rubuta mata kaɗai take bi, sai ka yanka mata aiki gunduwa-gunduwa: in kaza ya faru yi kaza, in bai faru ba yi kaza. Wanda ya fi kowa a gwajin ƙarshe shi zai samu gurbi ɗaya tilo na koyon aiki a babban asibiti. Ina son gurbin nan kamar raina.

Mai tare mini hanya ita ce Antin ajinmu, matar nan da ta girme mu, wadda nake cin girkinta kullum. Kwalbar ɗumama jarirai take haɗawa a matsayin aikin gwajinta, don a cikin irinta bakwaininta ya rasu bara waccan. Malamai sai lallaɓa ta suke kamar ƙwai. Mu da ba mu binne kowa ba, ko oho.

Jiya ta ba ni littafinta in duba mata. Ta rubuta cewa in wayar da ke manne a jikin jariri ta ji sanyi, a ƙara zafi. Ba ta rubuta abin da za a yi in wayar ta zame ba. Sanyin iska za ta yi ta ji, injin ya yi ta hura wuta. Na mayar mata, na ce babu gyara.

Kada ki yi mini wa'azi. Ki gaida kowa.

Autarku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Takalmin da kika aiko ya iso, Allah ya bar zumunci.

An yi gwajin ranar Talata. Anti ta kwantar da 'yartsanar roba a kwalbar, har hula ta saƙa mata. Komai ya tafi daidai, Malam na gyaɗa kai. Da ya nemi mai tambaya, na tashi na zura hannu na zare wayar, na koma na zauna.

Ma'aunin zafin da Malam ya rataya a ciki ya dinga hawa, ya wuce arba'in. Anti ta kai hannu za ta kashe, Malam ya hana, wai a asibiti ba kullum za ta kasance a wajen ba, a bar na'ura ta yi tunanin da aka koya mata. Muka yi ta kallo har ɗakin ya ɗau warin roba. Sannan ya ce mata, a gaban kowa, ta dafa ɗan mutane. Ta zauna a ƙasa tsakanin tebura. Wani daga baya ya yi dariya.

Na samu gurbin, kuma wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Ita za ta maimaita shekara.

Ɗazu ta zo ɗakina, idanu a kumbure, wai godiya ta kawo. Ta ce gara da aka gano a kan roba, kuma ta san da na gani tun farko da na faɗa mata. Na rasa inda zan sa kaina, haushinta ya kama ni. Sai ta tambaye ni, tunda na fi ta kai, ko haka aka yi wa nata yaron, don babu wanda ya taɓa gaya mata dalili. Na ce mata da alama hakan ne, don ta tashi ta ba ni wuri.

Litinin nake farawa. Ki gaya wa Mama ta sa mini albarka.

Ƙanwarki,
Auta